Ƙofar Gaba ta Motar Baba Onimoto

Shekara ashirin da biyu na yi ina haya a gidan Baba Lasisi Ajagbe da ke Elekuro, cikin Ibadan: ɗaki ɗaya, da rumfar da nake ajiye keken ɗinkina. A unguwa ba mai kiransa Lasisi. Daga bakin masallaci har kasuwa Baba Onimoto ake ce masa, wato mai mota, kuma da tsokana aka raɗa masa sunan, don a lokacin ko keken hawa ba shi da shi. Direban wani attajirin goro ne. Shekara talatin yana jan mutumin nan daga Ibadan zuwa Shagamu, daga Shagamu zuwa Ikko, bai taɓa goge ko akuya ba. Da idonsa ya fara rauni, uban gidan ya sallame shi, ya haɗa masa da tsohuwar Fijo 404 ɗin da suka tsufa tare. Ranar da ya shigo da ita unguwa sai da ya zagaya layinmu sau biyu yana danna oda, don waɗanda suka raɗa masa suna su fito su gani.

Injin motar lafiyarsa ƙalau, wannan kam ba a yi masa gardama. Cikinta ne abin kunya. Robobin gilashi sun ƙeƙashe, ruwan sama ya yi shekaru yana zurarawa cikin ƙofofi, har kwalin da aka rufe su da shi ya kumbura ya ruɓe. Kujerar baya in ka zauna sai sifirin ya gaishe ka. Ƙofar direba kuwa da igiya ake ɗaure ta.

Matarsa, Iya Elepo, manja take sayarwa a kasuwar Oje. Mace ce mai jiki, mai son ado, mai baki kamar reza, ni da ita mun sha yin faɗa mun sha shiryawa a kan igiyar shanya. Wata Asabar suna dawowa daga biki, yana karya kwana a shataletalen Mokola, ƙofar da take jingine ta wangale. Allah ya kiyaye ta cafki wuyan rigarsa. Amma gwaggwaronta ya faɗi kan titi, wata motar haya ta bi ta kansa, yaran mota suna ihu suna tafi. A ƙafa ta ƙaraso gida, kai ba ɗankwali. Ta tsaya tsakar gida ta rantse ba za ta ƙara sa ƙafa a cikin akwalar nan ba sai ranar da ƙofarta ta koyi rufuwa irin ta motocin mutane.

Wani namijin da sai ya kai wa masu gyara a Agodi. Baba ya ce wanda ya yi shekara talatin da mota, in ya kai ta wani ya gyara mata ƙofa, to ya yi zaman banza. Ya tura ta ƙarƙashin bishiyar lemo da ke tsakar gida, ya sa mata duwatsu, ya fara.

Shekara uku ina kallon aikin nan daga rumfata. Da ya dawo daga sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya shimfiɗa tabarma, ya jera gwangwanayen madara huɗu, kowace ƙofa da nata na zuba notuna. Ba ya taɓa ƙofa biyu a lokaci ɗaya. Zai kwance ta ya kwantar a kan benci, ya kankare tsatsa da takardar yashi har yatsunsa su yi fari, ya wanke ƙarfen ɗaga gilashi da kananzir, ya shafa masa giris, ya mayar. In ya ɗora ƙofa sai ya wuni yana rufewa yana buɗewa, kunnensa a jiki, yana sauraron ƙarar. In ba ta yi masa ba, gobe ya sake kwancewa. Kaji sun saba da shi har suna ƙwai a cikin but ɗin motar.

Iya Elepo in ta dawo kasuwa takan tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Sannu da aiki, injiniya. Yau kuma wace ƙofar ce ba ta gaishe ka da kyau ba?"

"Ki dai tanadi gwaggwaro," in ji shi, ko ɗagowa ba ya yi. "Wannan karon sai kin roƙe ni kafin in buɗe miki."

"Ni? Ka ɗauki kajinka, su ne suka san daɗinta."

Ni ma an jawo ni cikin aikin. Shi ya canza soso da sifirin na kujeru, ni na ɗinka musu riga da baƙar ledar kushin, na karya allurai ba adadi ina zaginsa a zuci. Ƙofofin kuma sai ya yanko katakon filawud daidai da tsohon kwalin, ya shimfiɗa siririn soso, ni in yanka leda in kalmashe bakinta, shi ya manna da gam. Da na baya ya fara, sannan tasa. Ta matarsa ya bari ƙarshe da gangan, wai sai hannunsa ya gama faɗawa a kan sauran. Ya gama mata aikin ƙarfe tsaf, tana rufuwa da yatsa ɗaya. Saura abin da zai lulluɓe ta da shi. Baƙar leda ba ta yi masa ba. Sau huɗu yana zuwa Agodi yana dawowa hannu rabbana, wai bai ga wadda ta dace ba.

Yana cikin wannan neman, wata Talata da hantsi aka zo aka ce Iya Elepo ta yanke jiki ta faɗi a gaban garwar manjanta. Kafin la'asar an binne ta.

Yayarta, Alaja Nimota, ta zo daga Iseyin ta karɓi ragamar komai, kamar yadda ya kamata. Dattijuwa ce doguwa, mai haƙorin Makka, ba ta ɗaga murya don ba ta da bukata. Ita ta rufe akwatin tufafin mamaciya ta rataye makullin a ƙusa. A wurinmu kayan mace ba na mijinta ba ne. Ba ya taɓa ko ɗankwali sai ranar addu'ar arba'in, danginta su buɗe a gaban jama'a, su ba 'ya'ya nasu, su raba saura. 'Ya ɗaya ce ta rayu musu, Wosila, tana koyarwa a Ilorin.

Kafin Alaja ta koma aka yi maganar ankon arba'in. Ina zaune a wurin, ni da na yi wa mamaciya ɗinki shekara ashirin. Wata ta nuna ni ta ce ai ga Iya Raufu a gida. Alaja ko kallona ba ta yi ba, ta ce a kai Dugbe wurin tela na gaske, ankon ƙanwarta ba aikin mai facin kujerar mota ba ne. Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na yi murmushi na ci gaba da tsinke ganyen miya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji, ta ƙi narkewa.

Baba ya yi wata guda bai kalli motar ba. Yana zaune a baranda da carbi, amala in an kai masa sai ta sandare a kwano. Saura kwana tara arba'in, da safe, sai ga shi a rumfata da ƙunshi a hammata. Ya kwance a kan teburina. Jan ashoke ne, tsoho, jan ya yi duhu, da faci ƙarami a gefe ɗaya.

Ina ganinsa na gane shi. Iya Elepo ta taɓa fito da shi ta nuna mini, ta hana ni taɓawa sai da na wanke hannu. Kakansu ne ya saƙa wa kakarsu shi a Iseyin, zani da gwaggwaro da gyale. Daga uwa yake sauka kan 'ya. Hannun Alaja ya fara shiga, da ta ga Allah bai ba ta mace ba, ita da kanta ta miƙa wa ƙanwarta saboda Wosila. Zanin ne a gabana.

"Iya Raufu," in ji Baba, "ina so in je tasha in ɗauko su Alaja da motar nan ranar addu'a, ƙofar marigayiya a gyare. Na san bai kamata in buɗe akwatin ba. Amma na bar sababbin duka, ban taɓa masu tsada ba. Wannan na ga ya tsufa, har da faci. Ke kika san kayan mata. Ba ya cikin waɗanda za a nema, ko?"

Namiji ne, a ganinsa tsohon zani shi ne marar daraja. Kuma bai ɓoye mini komai ba, tambayata ya yi. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da mayar da shi inda ya ɗauko. Na daɗe ina gaya wa kaina wai tausayinsa ne ya rufe mini baki, amma ƙarya ne. Fuskar Alaja nake gani a lokacin. Kuma ban taɓa sa almakashi a saƙi irin wannan ba, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Na ce, "Baba, zani ai zani ne. Kawo filawud ɗin."

Na ɗora, na zana da alli, na yanka. Saƙin yana da kauri, almakashin yana tafiya yana gurnani. Na daidaita layukan su miƙe daga gaba zuwa baya, na kalmashe baki da hannu, ɗinki ƙanana yadda ido ba zai gani ba, har na yi masa aljihu a ƙasa da ragowar. Shi ya shafa gam da guntun kwali, muka jira ya sha iska, muka ja muka manna. Sannan na huda wurin hannun ƙofa da na ɗaga gilashi. Da ya ɗaura ya rufe ƙofar, ya ja baya ya tsaya, idonsa ya ciko. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Ranar arba'in an kafa rumfa har bakin titi. Malamai sun zauna, mu mata muna bayan gida muna tuƙa amala, tukunyar miyar wake tana tafasa. Baba ya wanke motar tun safe, ya sa babbar riga, ya tafi tashar Ojoo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji odarsa. Jama'a suka taso, har da masu kabbara, don an daɗe ba a ga motar tana tafiya da ƙafarta ba. Ya fito da sauri ya zagaya ya buɗe wa Alaja ƙofar gaba. Wosila ta fito daga baya, fuskarta a ɗaure.

Alaja ba ta sauko ba. Tana zaune, tafin hannunta a kan saƙin, tana shafawa a hankali.

"Bar ta a buɗe, Lasisi," ta ce. "A fito mini da akwatin."

Aka kawo akwatin tsakar gida. Ta buɗe, ta tona har ƙasa, ta zaro gwaggwaro da gyale, ta ɗora su a kan ƙofar. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Wata tsohuwa daga Iseyin ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Ni ina tsaye a bayan mutane, muciya a hannu.

"A wannan zanin aka kai uwata ɗaki," in ji Alaja. "A cikinsa aka kai ni, aka kai wadda ka binne. Ka huda shi ka sa masa hannun ƙofa. Na ji, kai namiji ne, ka yi abin da maza ke yi. Amma wannan kalmasa ba ta namiji ba ce. Wa ya yanka maka?"

Ba ta waiwayo ba, amma kowa a gidan ya san inda keken ɗinki yake. Telar da aka ce ta yanka kayan mamaci kafin a buɗe akwati, ta gama ɗinki a unguwar, wa zai sake ba ta yadinsa? Baba ya san haka.

"Ni na ɗauka, ni na yanka, ni na ɗinka," ya ce. "Kada a nemi kowa."

"Kai?"

"Ni, Alaja."

"To madalla, ashe suruki tela gare mu ba mu sani ba. Iya Raufu, ara mana allura da zare."

Na ajiye muciya na tafi rumfata na ɗauko. Da ƙafata na je, da hannuna na miƙa mata, har da ɗan rusunawa. Ta ba shi ta ce ya zura mata zaren, ta gani.

Dattijo mai shekara saba'in, cikin babbar riga, a gaban malamai da surukai da yaran unguwa. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar sama wajen haske, ya kai zaren ya wuce ta gefe. Ya sake. Ya ciro tabarau ya sa, ya sake. Gumi yana bin gemunsa. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, a sa mata giris mana," aka fashe da dariya, aka yi saurin haɗiyewa. Allurar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ya duƙa yana lalube a cikin turɓaya. Sau ɗaya ya ɗago, idonmu ya haɗu, ya yi saurin kawar da nasa don kada wani ya bi kallon. Bakina a buɗe yake, na rantse. Ba abin da ya fito.

Wosila ce ta ce ya isa. Ta matso, ba ta durƙusa ba, abin da ban taɓa gani ba tun tana yarinya.

"Baba, abu ɗaya zan tambaye ku. Da kuka ɗauka, kun san na Kaka ne? Kun san ni aka ajiye wa?"

In ya ce bai sani ba, za a ce me ya hana shi tambaya, in ya ce ya tambaya, za a ce wa. Ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Kowa ya ɗauki shirun a matsayin amsa, har ita.

"Tana raye motar nan ta kunyata ta a titi," in ji Wosila. "Ta mutu ma ba ku ƙyale ta ba."

Aka yi addu'a a gurguje, aka ci abinci ba hira. Washegari da ya tayar da motar zai kai Wosila tasha, ta ɗauki jakarta ta wuce shi ta tari tasi a bakin titi.

A ranar ya kwance filawud ɗin, ya zauna da wuƙa yana ƙoƙarin ɓamɓare zanin. Gam ɗin ya riga ya ci, duk inda ya ja sai zare ya biyo. Ya haƙura, ya naɗe abin a takardar siminti ya tura ƙarƙashin gado. Ƙofar ta zauna ƙarfe tsirara. Yakan tayar da injin ranar Juma'a ya bar shi ya yi ɗumi, amma bai ƙara fita da ita ba.

Abin da ya fi ci mini rai, bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Kullum da safe, "Iya Raufu, an tashi lafiya? Ya yara?" Da Babbar Salla ya aiko mini da cinya guda kamar yadda ya saba. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Ɗinki kuwa ya ci gaba da zuwa mini, har matan da suka yi dariya a ranar suna kawowa. Na sha shirya maganar a bakina, in fito in gan shi zaune a baranda yana kallon ƙofar gida, in ce bari dai gobe. Na san adireshin makarantar da Wosila take, na san direban da take aiko wa ubanta garin rogo da magani ta hannunsa. Takarda ɗaya ce. Ban rubuta ba, don ina tsoron abin da za a ce da ni a layi.

Ita kuma ba ta zo ba. Salla ta wuce, wata ta wuce. In an tambaye shi sai ya ce aikin makaranta ne ya riƙe ta.

Shekara ɗaya da rabi bayan arba'in ɗin, yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana biyu na farko yana gane mutane yana motsa baki, daga nan sai ido kawai. Aka aika Ilorin. Wosila ta iso ranar Asabar da azahar, ta shiga ta daɗe, ta fito ta zauna a bakin rumfata, ta rame, tana kallon motar da ganyen lemo ya rufe.

A nan na gaya mata. Ban yi wa kaina ado ba. Na ce ni na yanka, ta ce wannan ta sani tun ranar, kowa ma ya sani. Na ce ba shi ke nan ba. Na ce mata tsohon ya zaɓa don ya bar mata sababbi, bai san na wane ne ba, ya kawo mini ya tambaye ni, ni da na sani na ce masa zani zani ne.

Ta juyo gaba ɗaya. "Ya tambaya?"

"Ya tambaya."

"Kafin a yanka?"

"Kafin a yanka."

Ba ta zage ni ba, ko da yake na so ta yi. Ta tashi ta koma ɗakin da gudu, takalminta ɗaya ya cire a baranda. Ta taga ina jin ta tana cewa, "Baba, ni ce, Wosila. Baba, ku dube ni. Na ji komai. Ku yafe mini." Ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dushe. Idonsa yana kan silin, bai juyo ba. Ranar Lahadi da hantsi ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta same ni a bayan gida ina wanke tukwane. Ta tsaya a kaina, idonta a kumbure, ta yi magana a hankali don kada mata su ji.

"Iya Raufu," ta ce, "da ko sati biyu ne baya kika faɗa mini."